Yadda Ake Shirya wa Intabiyun Aikin Python

Akwai wani irin shiru da ke sauka a ɗakin intabiyu. Mai neman aiki ya gama zuba amsar da ya haddace, tas babu gargada, sai mai tambaya ya gyara zama ya ce, "To, me ya sa haka?" Nan take baki ya mutu. Ni ma na taɓa shiga wannan shirun. An tambaye ni bambancin `list` da `tuple`, wato nau'ikan jeri biyu a yaren Python, na ce ɗaya ana iya canza shi, ɗaya ba a iyawa. Sai mutumin ya rubuta `tuple` mai ɗauke da `list` a cikinsa, ya ce in faɗa masa ko za a iya ƙara wani abu a wannan `list` ɗin. Na yi ta inda-inda har ya tausaya mini ya wuce tambaya ta gaba. Amsar ba ta fi layi biyu ba, da na taɓa gwadawa da hannuna da ban manta ba.

Wannan jagora an gina shi ne a kan abu guda: duk abin da kake so ka faɗa a intabiyu, ka fara ganinsa ya faru a kwamfutarka, sannan ka koyi bayyana shi da baki. Jerin tambayoyi ɗari da amsoshinsu suna nan birjik a intanet, kuma masu yi maka tambayar sun fi ka saninsu. Abin da suke nema shi ne su ji yadda kanka ke aiki.

Mataki na 1: Gano irin intabiyun da ke jiranka

Python yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta ne mai faɗi, don haka "aikin Python" ba abu ɗaya ba ne. Ka ɗauko tallan aikin ka karanta shi da biro a hannu. Idan ka ga Django, Flask ko FastAPI, aikin gina bayan shafukan intanet ne, kuma tabbas za a taɓo rumbun bayanai da SQL, yaren da ake yi masa tambaya da shi. Idan ka ga pandas da NumPy, aikin sarrafa bayanai ne. Idan ka ga Linux da Docker sun fi yawa, aikin sarrafa injuna ne da rubuta ƙananan shirye-shiryen da ke rage wa mutane aikin hannu. Tushen yaren duk ɗaya ne a ko'ina, amma rassan da za ka bi sun bambanta, kuma lokacinka ba zai ishe ka ka bi duka ba.

Daga nan ka tambayi wanda ya tuntuɓe ka daga kamfanin yadda tsarin yake. Zagaye nawa ne? Za a ba ka jarrabawar da inji ke dubawa, ko za ka rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, wani yana kallonka, ko aikin gida za a ba ka ka kawo bayan kwanaki? An yarda ka duba littafin bayanin yaren a lokacin? Mutane da yawa suna jin nauyin yin waɗannan tambayoyi, alhali ba wanda zai ga laifinka, aikin mai ɗaukar ma'aikata ne ya amsa su.

Sai ka tabbatar Python 3 kake amfani da shi. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, amma tsofaffin darussansa ba su bar intanet ba. Duk darasin da ka ga an rubuta `print` babu baka a gabansa, ka rufe shi.

Mataki na 2: Ka faɗa tarkunan yaren da gangan, kai kaɗai a ɗaki

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ka buɗe Python, kafin ka danna kowane layi ka faɗi abin da kake zaton zai fito, sannan ka danna. Duk inda zatonka ya saɓa da abin da ya fito, ka samu darasin ranar.

Fara da wannan:

```python
a = [1, 2, 3]
b = a
b.append(4)
print(a)
```

Abin da zai fito shi ne `[1, 2, 3, 4]`, duk da cewa `b` ka taɓa. Dalili kuwa, a Python suna ba akwati ba ne da ake zuba abu a ciki. Laƙabi ne da ake liƙa wa abu. Layi na biyu bai kwafi komai ba, ya dai ƙara wa jerin nan laƙabi na biyu, kamar mutum ɗaya da ake kira da suna biyu. Idan ka riƙe wannan da kyau, rabin tambayoyin da ake ɗauka masu wuya sun warware kansu.

Daga nan ne bambancin `==` da `is` ya fito. Na farko yana tambaya ko abubuwa biyu darajarsu ɗaya. Na biyu yana tambaya ko ainihin abu guda ne. Akwai wani abin ruɗu a nan: CPython, wato Python ɗin da kusan kowa ke saukewa, yana ajiye ƙananan lambobi daga -5 zuwa 256 a shirye, don haka `is` kan nuna kamar yana aiki a kansu, sai a kan manyan lambobi ya ba ka kunya. Kada ka dogara da wannan, dabarar cikin gida ce kawai. Inda ya dace ka yi amfani da `is` shi ne wajen gwada `None`, wato alamar babu komai.

Yanzu tarkon da masu tambaya suka fi ƙauna:

```python
def zuba(abu, jaka=[]):
    jaka.append(abu)
    return jaka
```

Kira `zuba(1)`, ka samu `[1]`. Kira `zuba(2)`, sai ka ga `[1, 2]`. Jakar ba sabuwa ba ce, ta jiya ce. Python yana ƙirƙirar wannan jerin sau ɗaya tak, lokacin da ya karanta layin `def`, ba duk lokacin da aka kira fankshin ɗin, wato wannan guntun aiki mai suna `zuba`, ba. Maganinsa shi ne ka sa `jaka=None`, sannan a ciki ka ce idan `jaka is None` a ƙirƙiri sabon jeri. Kada ka tsaya a sanin maganin kawai. Mai tambaya zai so ya ji ka faɗi yaushe aka ƙirƙiri jerin, domin nan ne fahimtar take.

Ɗan'uwan wannan tarko shi ne `[[0] * 3] * 3`. Ka ɗauka ka samu layuka uku, ashe layi ɗaya ne aka nuna sau uku. Canza gidan farko na layin farko, sai ka ga duka ukun sun canza. Hanyar da ta dace ita ce `[[0] * 3 for _ in range(3)]`. Wannan kuma ya kai ka ga bambancin `copy.copy` da `copy.deepcopy`: na farko yana kwafar mazubin waje ya bar abubuwan ciki ana tarayya a kansu, na biyu yana bin komai har ƙasa yana kwafa.

Tambayar da ta kayar da ni fa? E, za a iya ƙara abu a `list` ɗin da ke cikin `tuple`. Abin da `tuple` ya hana shi ne a musanya abin da gidansa ke nunawa. Bai hana abin da ke gidan ya canza kansa ba. Kuma irin wannan `tuple` ba zai zama mabuɗin `dict`, wato ma'ajin da ake nemo abu a cikinsa da mabuɗi, ba, za ka samu `TypeError`, domin mabuɗi yana buƙatar lambar shaida da ba ta canzawa, wadda `hash` ke fitarwa, jeri kuwa ba shi da ita.

Akwai sauran ƙananan da ba za su ci maka lokaci ba, amma ka gwada kowanne. `0.1 + 0.2 == 0.3` yana ba da `False`, saboda kwamfuta ba ta iya ajiye waɗannan ɓangarorin lamba daidai da tsarin sifili da ɗaya, shi ya sa ake lissafin kuɗi da `decimal`. `-7 // 2` yana ba da -4, ba -3 ba, domin rabon yana gangarawa ƙasa ne. `sorted` yana dawo da sabon jeri, amma `.sort()` yana gyara na hannunka ya dawo da `None`, kuma mutane da yawa sun yi asarar jerinsu ta hanyar rubuta `x = x.sort()`. Sai `[lambda: i for i in range(3)]`, inda duka ukun za su dawo da 2, saboda ba sa duba `i` sai lokacin da aka kira su, lokacin kuwa zagayen ya riga ya ƙare.

Mataki na 3: Kayan aikin da ke nuna ka wuce ɗan koyo

Abubuwa huɗu ne suke yawan fitowa idan an ga tushenka ya yi ƙarfi.

Na farko `yield`. Fankshin ɗin da ke ɗauke da shi ba ya gama aikinsa a tashi ɗaya. Yana miƙo abu ɗaya ya tsaya, sai an sake nema ya ci gaba daga inda ya tsaya. Amfaninsa yana bayyana ne idan aka ce maka ga fayil ɗin da ya fi ƙarfin ma'ajiyar kwamfutar, ka ƙirga layukan da ke ɗauke da wata kalma. Wanda ya loda fayil ɗin gaba ɗaya ya faɗi. Wanda ya bi shi layi-layi ya ci. Ka kuma sani cewa irin wannan mai miƙowa sau ɗaya ake shanye shi, idan ka sake zagayawa a kansa ba za ka samu komai ba.

Na biyu alamar `@` da ake ɗorawa a saman fankshin. Ba tsafi ba ne: fankshin ne da ke karɓar wani fankshin, ya naɗe shi da ƙarin aiki, ya dawo da sabo. Ka rubuta guda ɗaya da kanka wanda ke auna daƙiƙun da aiki ya ɗauka. Ka goge, ka sake rubutawa gobe ba tare da ka duba ba. A ciki za ka haɗu da `*args` da `**kwargs`, za ka kuma ga amfanin `functools.wraps`, wanda ke hana fankshin ɗin asali rasa sunansa.

Na uku `with`. Kowa ya san ana buɗe fayil da shi, kaɗan ne za su iya cewa yana tabbatar da an rufe fayil ɗin ko da kuskure ya auku a tsakiya, kuma yana yin hakan ne ta hanyar `__enter__` da `__exit__`.

Na huɗu shi ne wanda ke sa mutane gumi: GIL. A CPython akwai wani makulli guda, shi ne GIL ɗin, da ke sa zare ɗaya kaɗai, wato layin aiki ɗaya a cikin shirin, ke gudanar da kod ɗin Python a kowane lokaci. Don haka idan aikinka lissafi ne mai nauyi, ƙara zarurruka da `threading` ba zai sa ya yi sauri ba, `multiprocessing` kake buƙata, inda kowane ɓangare ke da nasa Python ɗin. Amma idan aikin jira ne, kamar sauko da shafuka ɗari daga intanet, zarurruka suna taimakawa sosai, domin zaren da ke jira yana sakin makullin. `asyncio` kuma yana magance irin wannan jira da zare ɗaya, muddin ba ka saka abin da zai toshe shi ba. Saka `time.sleep` a cikinsa ya tsayar da kowa, `await asyncio.sleep` ake so. Idan kana son ka nuna kana bin labarin yaren, ka ambaci cewa Python 3.13, wanda ya fito a Oktoban 2024, ya zo da wani nau'in gwaji da ke aiki ba tare da makullin ba. Jimla ɗaya ta isa, kada ka mai da ita lacca.

Game da `class` da gado, ka san aikin `__init__`, `__repr__` da `__eq__`, da bambancin `@classmethod` da `@staticmethod`, da abin da `super()` ke yi. Ni dai a ganina an cika ba wa `metaclass` muhimmancin da bai kai ba a jerin tambayoyin intanet. Idan ba babban muƙami kake nema ba, ka san ma'anarsa ka wuce.

Mataki na 4: San tsadar kowane layi

A zagayen warware matsala, bayan kod ɗinka ya yi aiki, tambayar da ke biyowa kusan kullum ita ce: idan bayanan suka ninka, me zai faru? Ba sai ka zama gwanin lissafi ba. Zagaye ɗaya na `for` a kan abubuwa 100,000 matakai 100,000 ne. Zagaye a cikin zagaye kuwa matakai biliyan 10 ne. Bambancin O(n) da O(n²) ke nan, wato yadda ake rubuta tsadar kod gwargwadon yawan abubuwa n, ɗaya ƙiftawar ido, ɗaya ka tafi ka dawo bai gama ba.

Abin da ke cutar masu Python shi ne yaren yana ɓoye zagaye a cikin gajeren rubutu. `x in jeri` kalmomi uku ne, amma yana bin jerin ɗaya bayan ɗaya. Idan ka sa shi a cikin `for`, ka gina zagaye biyu ba ka sani ba. Mai da jerin `set`, wato tarin abubuwa marar maimaici, sai binciken ya koma kusan mataki ɗaya. Haka `jeri.pop(0)` yana tilasta wa duk sauran abubuwan matsawa gaba, don haka idan layin jira kake ginawa, `collections.deque` ne nasa. Idan kullum mafi ƙanƙanta kake son cirowa, ga `heapq`. Idan jerin a tsare yake, `bisect` zai nemo maka wuri a cikin abubuwa miliyan ɗaya da matakai kusan 20, domin kowane mataki yana yar da rabi. Haɗa kalmomi da yawa kuma `"".join` ake yi, ba `+=` a cikin zagaye ba.

Ga misalin yadda za ka bi matsala. An ce ka nemo harafin farko da bai maimaitu ba a cikin kalma. Hanyar da ta fara zuwa kai ita ce ka ɗauki kowane harafi ka ƙirga shi a cikin kalmar duka. Tana aiki, amma zagaye biyu ce. Ka faɗe ta, ka faɗi tsadarta, sannan ka ce akwai wadda ta fi:

```python
from collections import Counter

def na_farko(kalma):
    adadi = Counter(kalma)
    for harafi in kalma:
        if adadi[harafi] == 1:
            return harafi
    return None
```

An bi kalmar sau biyu a jere, ba ɗaya cikin ɗaya ba, don haka O(n) ce. Kafin ka ce ka gama, ka gwada ta da kalmar da babu komai a ciki, da wadda duk haruffanta suka maimaitu. Ka kuma tambaya ko babban baƙi da ƙarami ɗaya za a ɗauke su. Wannan tambayar kaɗai tana ƙara maka daraja, domin ta nuna ba ka gina gida a kan zato.

Wajen atisaye, shafukan LeetCode da HackerRank sun ishe ka. Amma kada ka shiga gasar yawa. Matsala arba'in da ka fahimta har za ka iya koya wa wani sun fi ɗari uku da ka leƙa amsarsu. Ka bi su iri-iri: na `dict` da `set`, na manuni biyu da ke tafiya a kan jeri, na taga mai zamewa, na tari (stack) da layin jira, na bishiya, na fankshin mai kiran kansa. A wannan na ƙarshen ka tuna Python yana tsayar da kiran kai idan ya kai zurfin kusan 1000, ka kuma san `functools.lru_cache` da ke ajiye amsoshin da aka riga aka lissafa. Idan matsala ta gagare ka bayan rabin awa, duba amsar, rufe ta, rubuta da kanka, sannan ka dawo mata bayan kwana uku. Idan ta sake gagarar ka, to da ma ba ka koya ba, kallo ka yi.

Mataki na 5: Koyi rubutu kana magana

Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ke kayar da gwanaye. Warware matsala a ɗakinka cikin natsuwa daban, warware ta wani yana kallon kowane harafi daban. Ka sa agogo na minti 30 ko 45. Ka buɗe shafin rubutu marar taimako, wanda ba ya ƙarasa maka suna, ba ya ja wa kuskure jan layi, ka kuma kashe duk wani mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira. Za ka sha mamakin yawan abubuwan da ka ɗauka ka sani, ashe manhajar rubutun ce ta sani.

Sannan ka yi magana da ƙarfi, ko da bango kake yi wa. Tsarin da nake bi shi ne: in maimaita tambayar da kalmomina, in nemi misali ko in ƙirƙiro ɗaya, in faɗi hanya mafi sauƙi da tsadarta, in faɗi wadda zan bi da dalili, sai in fara rubutu. Bayan na gama in bi kod ɗin da misalin layi-layi kamar ni ne kwamfutar. Da farko za ka ji kamar taɓaɓɓe. Ka naɗi muryarka ka saurara, za ka ji wuraren da kake yin shiru na minti biyu, da wuraren da kake cewa "wannan abin" maimakon ka kira shi da sunansa.

Idan ka samu aboki mai irin sana'ar, ku riƙa yi wa juna intabiyu, kowa ya zauna a kujerar mai tambaya. Zama a wannan kujerar yana koyar da abin mamaki: za ka ga da idonka yadda shirun mai amsa ke da nauyi, da yadda kod mai sunaye irin `x1` da `tmp2` ke wahalar karantawa. Daga ranar za ka fara ba abubuwa sunaye masu ma'ana, ka kuma bi ƙa'idojin PEP 8 na tsara rubutun kod ɗin Python ba tare da an roƙe ka ba.

Idan da harshen da ba naka na gida ba za a yi hirar, da shi za ka yi atisayen. Fahimtar abu a zuci da iya furta shi a wani harshe ƙwarewa biyu ce.

Mataki na 6: Shirya aikin da za ka nuna da labaran da za ka bayar

Ka zaɓi aiki ɗaya ko biyu da ka yi da hannunka, ka sake karanta kod ɗinsu, domin abin da ka rubuta wata shida da suka wuce ya zama baƙo. Ka shirya amsar waɗannan: me ya sa ka zaɓi wannan hanya, ina ne ya fi ba ka wuya, me za ka canza da yau za ka fara. Idan aikin yana GitHub, shafin da ake ajiye kod, ka sa masa bayanin yadda ake kunna shi, da jerin laburaren da yake buƙata, da gwaje-gwajen `pytest` ko da guda biyar ne. Ka duba kuma ko ka manta da kalmar sirri a cikin kod ɗin. Yana faruwa fiye da yadda kake zato.

Duk abin da ka rubuta a CV ɗinka ka ba da izinin a tambaye ka shi. Idan darasin awa biyu ka kalla a kan wata fasaha, cire ta.

Za a kuma tambaye ka labarin lokacin da ka yi kuskure, ko ka saɓa da abokin aiki, ko aiki ya kusa kuɓuce maka. Ka tanadi labarai uku na gaskiya, kowanne kada ya wuce minti biyu: yadda abin yake, abin da kai ka yi, yadda ya ƙare. Kada ka zagi tsohon wurin aikinka, mai sauraro zai ɗauka haka za ka yi masa gobe.

Mataki na 7: Raba kwanakin, sannan ranar kanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kana da mako huɗu, ka ba na farko ga Mataki na 2 da na 3, na biyu da na uku ga warware matsaloli tare da fannin da aikin ya fi buƙata, na huɗu ga intabiyun gwaji da gyaran ayyukanka. Awa ɗaya da rabi kullum ta fi awa goma a rana guda. Idan mako ɗaya kawai gare ka, ka riƙe tarkunan yaren, `dict` da `set`, da magana da ƙarfi, ka bar sauran.

Daren ranar kada ka buɗe sabon babi. Idan ta intanet za a yi, gwada kyamara da makirufo da manhajar kiran tun da wuri, ka cika batir, ka tanadi wata hanyar shiga intanet ko da ta farkon ta yanke.

A cikin ɗakin, idan ka maƙale, faɗi inda ka maƙale: "Na ga ina buƙatar hanyar tuna abin da na riga na gani, ina tunanin `set`, amma ina son matsayinsa ma, don haka bari in koma `dict`." Sau da yawa kana cikin faɗa amsar za ta zo, in ba ta zo ba mai tambaya ya samu inda zai miƙo maka hannu. Idan ya yi maka nuni, ka karɓa, kada ka nace a kan hanyarka don kare girma. Idan ka manta sunan wani fankshin, ka ce ka manta sunan amma ga abin da yake yi, ka ci gaba. Idan kuma aka tambaye ka abin da ba ka taɓa ji ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Kame-kame ba ya ɓoyuwa ga wanda ya san amsar.

Idan aka ce ko kana da tambaya, ka kasance da biyu ko uku a hannu. Wane nau'in Python suke amfani da shi? Yaya suke duba kod ɗin juna kafin a haɗe shi? Me ake sa ran sabon ma'aikaci ya iya yi a watanni ukun farko? Amsoshin za su nuna maka ko wurin ya dace da kai.

Da zarar ka fito, kafin ka kira kowa, ka rubuta duk tambayoyin da aka yi maka tun ba su gudu daga kanka ba, ka sa alama a kan waɗanda ka yi tuntuɓe. Da yamma ka buɗe Python ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ka yi a Mataki na 2. Idan ranar da suka ce za su tuntuɓe ka ta wuce da kwana biyu ko uku ba ka ji komai ba, ka aika gajeren saƙo na ladabi kana tambayar inda aka kwana.